Kawu da Waƙar Katangar Mayo Gwoi

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawuna, yayan mahaifiyata, ya rasu ranar Talata da hantsi a gidansa na unguwar Kachalla Sembe, aka kai shi makwancinsa bayan azahar. Duk wanda ya taɓa jin sautin molo a tashar mota ko a shagon mai shayi a garin Jalingo ya san muryarsa, ko da bai san fuskarsa ba.

Na sha zuwa zaman makoki a garin nan, amma ban taɓa ganin irin nasa ba. Mutane sun zo, ba za a ce ba su zo ba. Sai dai ɗaiɗai suke shigowa, su durƙusa gaban Dada, matar Kawu, su ce "sey munyal," wato sai haƙuri da Fulatanci, kafin a miƙo musu ruwa sun miƙe. Tabarmin da aka shimfiɗa wa maza a ƙofar gida, rabinsu babu kowa har aka yi sadakar uku. Dalili kuwa wata farar mota ce da ta tsaya a bakin layi ƙarƙashin dogon yaro, da mutum biyu a ciki suna karanta jarida. Ba su yi wa kowa magana ba. Har yau ban sani ba ko dominmu suka zo, ko inuwa kawai suke sha. Amma duk wanda ya karyo kwanar layin ya hango su, sai tafiyarsa ta canza.

Wani mai sayar da kaset a babbar kasuwa, wanda kowa ya san da muryar Kawu ya gina gidansa, a tsaye ya yi gaisuwa, ya ce ya bar shago babu kowa. Wani tsohon direba mai jigila zuwa garin Iware ya fashe da kuka a zaure, ya fara jan wani baiti daga waƙoƙin mamacin, sai na kusa da shi ya dafa masa gwiwa, ya haɗiye sauran.

Waɗanda suka zauna suka wuni su ne matan lambu, waɗanda a dā suke noman rani a bakin rafin Mayo Gwoi. A bayan a-kori-kura suka zo daga Iware, da ɗaurin yakuwa da kwandon kuɓewa, suka cika tsakar gida. Inna, mahaifiyata, ta raɗa wa babbarsu zancen motar da ke bakin layi. Tsohuwar ko waiwaye ba ta yi ba. Ta ce, "Mu kam an riga an ƙwace abin da za a ƙwace."

Sai kuma Baba mai ganga, abokin kiɗan Kawu na shekara talatin, mutumin Mumuye ne kuma Kirista. Ya jingina da bango a waje, rana tana dukansa, ya ƙi matsawa inuwa. Da na kai masa kunu ya riƙe min hannu, ya ce da irin Hausarsa, "Yarinya, kai ne mai takarda. Ka rubuta shi. In ba ka rubuta ba, shekara biyar mutane zai ce wane ne wannan."

Shi ya sa na zauna rubutun nan. Ina tsoron yinsa, ina kuma tsoron barinsa, na biyun ne ya ɗan rinjaya.

Ina da shekara shida mahaifina ya rasu, Inna ta dawo da ni gidan Kawu. A can na tashi, da sautin molon da shi yake kira hoddu. Tun yana yaro wurin kiwo ya koye shi. Da shanun gidansu suka ƙare ya shigo gari da shi a kafaɗa, dangi suka yi ta jin kunya, suna cewa ɗan gidan mutunci ba ya roƙo. Amsarsa ɗaya ce har ya tsufa: "Ni ba roƙo nake yi ba, labari nake bayarwa." Gaskiya ya faɗa. Ban taɓa jin ya wasa wani mai kuɗi ba. Waƙoƙinsa duk shi ke ƙirƙirar su, kuma a kan abin da ke gabanmu suke: tsadar gishiri, ambaliyar da ta ci gadar katako, saurayin da ya tafi neman aiki Yola ya dawo da tabarau kaɗai. Shekarar da aka yi ciwon amai da gudawa ya yi wata waƙa a kan tafasa ruwa, har yau akwai matan da ke rera ta in sun ɗora tukunya.

Shi ya fara abin da yanzu kowane matashin mawaƙi a garin nan yake yi, wato ya ɗauko baiti da Hausa, ya juya shi da Fulatanci, Baba mai ganga ya amsa da Mumuye. Da farko an yi musu dariya, aka ce waƙarsu gwate ce, an zuba komai a tukunya ɗaya. Kawu ya ce ai garin ma gwate ne, kuma da shi aka rene mu.

Ba ya shan ruwan sanyi, ko zafi ya kai ina. Kullum akwai guntun citta a aljihunsa na sama. In ya yi sabuwar waƙa ba ya kai ta ko'ina sai ya fara zama wurin wata mai ƙosai a bakin layinmu, ya rera ta sau biyu kamar da wasa, ya tashi. Bayan kwana uku ya koma ya sayi ƙosai. In ya tarar tana gunguninta tana juya mai, waƙa ta yi. In bai ji komai ba, ya watsar da ita ke nan, ko da ya yi wata yana gyara ta. Na taɓa yi masa ƙorafin wata waƙa da nake so da ya jefar. Ya ce, "Bingel am, 'yata, ke kina so na ne. Ita kuwa ba ruwanta da ni."

Direban nan da ya yi kuka a zaure, akwai dalili. Wata shekara motarsa ta kife a hanyar Iware, mutum biyu suka rasu. Bayan ya warke ya gyara motar, aka ƙi shiga. Sai ya wuni a tasha, ana cika ta baya da shi, shi ko fasinja ɗaya babu. Kawu ba danginsa ba ne, sanin tasha kawai suka yi. Amma ranar kasuwar Iware sai ga shi da molo, ya buɗe gidan gaba ya zauna, ya fara kiɗa. Ba shi da abin yi a Iware. Haka ya yi ta yi duk ranar kasuwa, ya je ya dawo, har mutane suka koma rububin motar don su ji waƙa a hanya. Da ya ga ta koma cika da kanta sai ya daina zuwa, bai ƙara tayar da zancen ba.

Da aka ƙirƙiro jiha, Jalingo ta zama babban birni, Kawu ya yi waƙar maraba. Wannan ce ta kai sunansa nesa. Aka kira shi wurin taro, manya suka yi hoto da shi. Ni ma a lokacin na samu aikin buga tafireta a wata ma'aikata, na yi aure, muka kama haya a Mayo Gwoi. In na ce ni 'yar ƙanwar mai molo ce, har kujera ake ba ni.

Sai ƙasa ta yi daraja. A bakin rafin Mayo Gwoi akwai lambunan da mata suka gada daga iyayensu, suna noman rani, daga nan rabin ganyen miyar garin yake fitowa. Wata safiya aka ga an kafa turaku. Bayan wata guda aka fara katanga, ta wani babba ce da ba zan faɗi ko muƙaminsa ba. Matan suka kai kuka inda za su iya kaiwa, aka ce su kawo takarda. Ba su da takarda. Katanga ta yi ta tsawo tana cin lambu bayan lambu har ta kai bakin ruwa. Yawancinsu suka tattara suka koma Iware wurin dangi. Ta gefen katangar nake bi kullum in tafi aiki.

Kawu ya yi mata waƙa mai baiti bakwai. Babu sunan kowa a ciki. Labarin wata katanga ce mai ƙafafu, jiya tana bakin hanya, yau ta gangara rafi shan ruwa, gobe ba a san gonar da za ta kwana ba. Mai ƙosai ba ta kai kwana uku ba, washegari aka ji ta tana rerawa. Cikin mako biyu kaset ɗin ya shiga kowace mota.

A kan waƙar nan ne na ga Inna ta ɗaga wa yayanta murya, abin da ban taɓa gani ba. Ta kai masa tuwo, ta ajiye, ta ƙi zama.

"Hamma, ka bar waƙar nan. Baki shi ke yanka wuya, kuma wuyan ba naka ne kai kaɗai ba."

"Na faɗi sunan wani?"

"Ba ka faɗa ba. Amma ko akuyar Mayo Gwoi ta san katangar wa ce."

"To laifin katanga ne da ta yi suna."

"Wasa kake yi. Lokacin soja ne. Yarinyar nan aikin gwamnati take yi, marainiya ce, ba ta da kowa sai kai."

Ya murza citta a hannunsa. Can ya ce, "Yakuwar da kika yi ta yi mata miya da ita har ta girma, a lambun wa aka tsinko?"

Inna ta ɗauki kwanon tuwonta ta fita. Ba su ƙara magana ba sai da abin da take tsoro ya faru.

Da safe ne, yana zaune wurin mai ƙosai. Mutum uku suka sauko daga mota, babu mai kaki a cikinsu. Suka gaishe shi da ladabi, suka ce oga yana son ganinsa, minti biyar. Ya miƙa wa mai ƙosai molonsa ya ce ta riƙe masa, ya shiga. Ita ta kawo mana molon, ta ɓoye shi cikin zaninta.

Kwana tara ba mu san inda yake ba. Dada ta bi ofis-ofis, ko'ina sai a ce ba a nan yake ba, ta gwada gaba. Maƙwabta suka daina aiko yara ɗiban wuta. A rana ta uku wani ya zo ya ce ya ji za a zo binciken gida. Inna ta jawo akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadon Kawu. A ciki yake ajiye kaset ɗin waƙoƙinsa tun na farko, wasu babu kwafinsu a ko'ina, wasu ma a tsakar gida aka ɗauke su da muryar kakarmu tana yi masa amshi. Ba mu tsaya tantance wanda ke da waƙar katanga ba. Muka hura murhu. Ni da hannuna na riƙa zaro zaren ina cusawa a wuta, Inna tana leƙen ƙofa. Warin robar ya kwana biyu a gashina. Babu wanda ya zo bincike.

A rana ta goma aka sauke shi kusa da gada, ya tako da ƙafa har gida. Rigar da ya tafi da ita ce a jikinsa. Yatsun hannunsa na dama sun kumbura, biyu daga ciki ba su ƙara lanƙwasuwa ba har ya koma ga Allah, kuma da su yake kaɗa tsirkiya. Inna ta faɗa jikinsa tana kuka, ya ce ta yi haƙuri, ita ce mai gaskiya. Duk wanda ya tambaye shi me aka yi masa sai ya ce, "Sun ba ni masauki." Bai taɓa ƙarawa a kan haka ba.

Ban san tsoro ba sosai sai bayan kwana biyu da dawowarsa. Muna zaune a tsakar gida, wani ya rufe ƙofar mota da ƙarfi a waje. Kawu, mutumin da na taɓa gani ya kama maciji da hannu a ɗakin girki, ya zabura har ya zubar da ruwan ɗumin da ke hannunsa. Ya dube ni, ya ga na gani. Ya sunkuyar da kai yana goge rigarsa.

A makon nan shugaban sashenmu ya tsaya a kan teburina, ya rage murya, ya ce, "Mai molon nan ba kawunki ba ne?" Wataƙila jaje zai yi min, ban sani ba. Abin da na ji bakina ya faɗa shi ne, "A'a, unguwa ɗaya dai muka taɓa zama." Ya gyaɗa kai ya wuce. Daga ranar na yi wata biyar ban taka Kachalla Sembe ba. In Inna ta aiko sai in ce aiki ya yi yawa.

Da na je daga ƙarshe, na same shi ya rame, yana tari. Na durƙusa na kasa ɗaga ido. Garin nan ƙarami ne, magana ba ta ɓuya.

Ya ce, "Bingel am, an gaya min abin da kika ce a ofis."

Na fara kuka.

"Me ya kawo kuka? Ai ba ki yi ƙarya ba, unguwa ɗaya muka zauna. Har gida ɗaya ma." Ya yi dariya, tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce, "Daidai kika yi. Ni na ga wurin, ke ba ki gan shi ba. Da za su tambaye ni yau, ni ma sai in ce ban san mai molon nan ba."

Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

A zaman nan ne ya ce in jawo masa akwatinsa, yana son jin muryar mahaifiyarsa. Ashe duk watannin nan babu wanda ya iya gaya masa mun ƙone kaset ɗin. Dada ta dube ni, na dube ta. Ni na faɗa. Ya daɗe yana kallon ƙasa, har na ɗauka bai ji ba. Sannan ya ce, "To. Kina da biro?"

Haka muka fara. Duk Asabar in zo da littafin rubutu na ofis, shi ya kishingiɗa, ya riƙa faɗo waƙoƙin baiti-baiti, ni ina rubutawa. Ba ya iya kaɗa molo, sai ya riƙa buga gwiwarsa da hannun hagu. Wani lokaci ya manta layi ya yi fushi da kansa, Dada ta jefo masa daga ɗakin girki. Ta gishiri, ta ruwan tafasa, ta mai tabarau, ta maraba da jiha wadda ya ce in rubuta duk da ya daina son ta. Mun yi wata uku a haka. Waƙar katanga ba mu ambace ta ba, ni da shi, kamar mun yi yarjejeniya.

Asabar ta ƙarshe, ban gama zama ba ya ce, "Yau ita za mu yi." Na tashi na tura ƙofar zaure na sa sakata. Ya fara da murya ƙasa-ƙasa. Na rubuta baiti na ɗaya, na biyu, na uku. Ina cikin na huɗu mota ta tsaya daidai ƙofar gida, aka kashe inji, aka buɗe ƙofa aka rufe. Ya yi shiru bakinsa a buɗe. Ni kuwa na tura littafin ƙarƙashin tabarma na zauna a kai. Muna jin takun mutane, muna jin numfashin juna. Sai muka ji muryar maƙwabcinmu yana cewa a sauke buhunan masarar a hankali.

Kawu ya sauke ajiyar zuciya, ya ce mu ci gaba. Na ƙarasa na huɗu da ƙyar. Na ce masa hannuna ya gaji, mu bar sauran sai Asabar mai zuwa. Ya san ba hannuna ba ne. Ya dube ni da idon nan nasa mai taushi, ya ce, "Allah ya kai mu."

Ranar Talata ya rasu.

Bayan sadakar arba'in na ɗauki littafin na tafi wurin Baba mai ganga. Ya ce shi ganga ya sani, ba baki ba, amma baiti na biyar nasa ne domin shi ke amsa shi da Mumuye. Ya faɗa min, ya fassara, na rubuta. Saura biyu. Mai kaset ya rantse bai taɓa sayar da ita ba. Mai ƙosai ta ce tsufa ya cinye mata kai, tana faɗa tana kallon hanya. Matasan mawaƙan da suka koyi salonsa, waɗanda ke kiransa babansu, kowanne ya ce bai riƙe ta ba. Ban ga laifin ko ɗaya ba, ni ce ta ƙarshen da za ta ga laifin wani.

Ranar kasuwa na shiga motar tsohon direban nan zuwa Iware. Bai tambaye ni me zan je yi ba, amma a ƙofar gidan babbar matan lambu ya sauke ni. Na same ta tana niƙan gero a dutse. Na gaya mata abin da ya kawo ni. Ta dube ni, ta dubi littafin. Ta kori jikokinta waje, ta jawo ƙyauren ɗaki ta rufe, ita da ta ce an riga an ƙwace abin da za a ƙwace. Sannan ta koma kan dutsen niƙanta, ta ci gaba da niƙa da ƙarfi don ƙarar ta rufe muryarta, ta rera min waƙar tun daga farko har ƙarshe. Baiti na shida a kan rijiyar da katanga ta haɗiye ne. Na bakwai ban taɓa lura da shi ba sai ranar: addu'a ce ga mai katangar, Allah ya ba shi abin da zai ishe shi, don ya tsaya.

Da ta gama ta share fuskarta da gefen zani, ta ce, "'Yata, kada ki sa sunana."

Ban sa ba. Da na sake karanta abin da na rubuta a nan, sai na ga na Kawu ma ban sa ba, nawa ma haka.

Baiti bakwai sun cika. Suna cikin littafi, littafin yana cikin leda, ledar tana wani wuri da ko mijina bai sani ba. Wanda ya san Kawu ya yi masa addu'a, ko a zuci ne. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa, ya sa ya huta da firgita. Mu kuma Allah ya nuna mana ranar da za a rera waƙar nan ƙofa a buɗe.